Daga Littafin Sito Zuwa Rahoto: Yadda Ake Jeranta Bayanai da Kasa Su Rukuni-Rukuni a Kwamfuta

Da zarar ruwan sama ya ɗauke aka shiga karyar masara da yankan dawa, kasuwannin ƙasar Wasagu sukan cika maƙil da buhuna. Dillalan hatsi su bi Bena, su bi Ribah, su leƙa Waje, su dawo Wasagu, suna saye suna lodi, akawun sito kuma yana biye da biro yana rubutawa. Yankin noma ne na gaske. Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu, mai hedikwata a Ribah, tana kudu maso gabashin Jihar Kebbi, tana maƙwabtaka da jihohin Zamfara da Neja, kuma tana cikin ƙananan hukumomi huɗu na Masarautar Zuru, tare da Zuru da Fakai da Sakaba. Masara, dawa, gero, wake da waken soya duk suna fita daga nan zuwa manyan kasuwanni.

Rubutawa ba ta da wuya. Wuyar tana zuwa ne ƙarshen wata, ranar da mai sito zai zauna ya jefo tambayoyinsa uku: buhu nawa aka sayo na kowane irin hatsi, wace kasuwa ce ta fi cin kuɗi, kuma nawa buhun masara ya tsaya masa? Amsoshin duk suna cikin littafi, amma a warwatse, domin littafin ranar ciniki yake bi, ba tambayar maigida ba. Akawun da kalkuleta kaɗai gare shi zai raba dare yana bin layi da yatsa. Wanda kuwa ya iya ayyuka biyu a manhajar lissafi, wato jeranta bayanai da kasa su rukuni-rukuni, nan take zai miƙa amsa. Sharaɗin guda ne: teburin ya shiryu tun daga shigarwa. Manhaja ba ta miƙe abin da aka shigar a karkace, tarawa kawai take yi ta fito da shi fes, kamar gaskiya.

Jerantawa daban, kasawa daban

Mai sito ya riga ya san ayyukan nan biyu da hannunsa. Idan ya sa ’yan dako su jera buhuna daga wanda ya fara shigowa zuwa na ƙarshe, don a fara fitar da tsohon kaya, jerantawa ke nan: babu buhun da ya ƙaru, babu wanda ya ragu, wuri kawai suka sauya. Idan kuma ya ce a kai dawa gabas, masara yamma, wake kusa da ƙofa, a ƙirga kowane tsibi a rubuta da alli a bango, wannan ita ce kasawa.

A tebur ma haka ne. Jerantawa tana amsa tambayar “wanne ne a gaba?” Kasawa tana amsa “nawa ne gaba ɗaya a kowane ɓangare?” Akwai ta ukunsu, tacewa, wadda ke ɓoye layukan da ba a bukata a lokacin ba tare da ta share su ba. Duk manhajojin rahoton kasuwanci a kan waɗannan ukun suke tafiya.

Abin ya daɗe. Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar da VisiCalc a 1979, Lotus 1-2-3 ta biyo baya a 1983, Microsoft ya fito da Excel a 1985, Google Sheets ta zo a 2006, Power BI kuma ta shiga kasuwa sosai a 2015. A shagunan buga takardu da ofisoshin ƙasar Zuru, Excel aka fi samu a kwamfuta, a waya kuma WPS Office ko Google Sheets. Shi ya sa bayanin nan zai bi Excel, sauran a taɓo su inda suka bambanta. Rubutun da ke jikin maɓallan manhajar da Turanci yake, don haka an kawo shi yadda mai aiki zai gan shi a allo.

Gyaran tebur kafin a taɓa komai

Tebur layuka ne na kwance da ginshiƙai na tsaye, inda suka haɗu kuma gurbi ne. Ƙa’idar farko: ciniki ɗaya, layi ɗaya. Idan an sayi masara da dawa a Bena rana guda, layi biyu ne, ko da wurin mutum ɗaya aka saya.

Ta biyu: ginshiƙi ɗaya, iri ɗaya na bayani. A ginshiƙin yawan buhu lamba kaɗai za ta shiga. Duk wanda ya rubuta “buhu 40” ko “40 da rabi” ya mayar da gurbin rubutu, manhaja kuma ba ta tara rubutu, tsallake shi take yi ba tare da ta ce uffan ba. Ma’auni ma ya zama ɗaya. Idan wani cinikin da tiya aka yi shi ko mudu, a mayar da shi lissafin buhu, ko a buɗe masa ginshiƙinsa.

Ta uku: kanun ginshiƙai su zauna a layi ɗaya tal a sama, kada a bar layi fanko a tsakiyar tebur, kada kuma a haɗe gurabu don ado. Layi fanko yana sa manhaja ta ɗauka tebur ya ƙare a nan, ta jeranta na sama ta bar na ƙasa. Haɗaɗɗun gurabu kuwa sukan hana jerantawa gaba ɗaya.

Ta huɗu: sunan wuri ko na kaya ya zama iri ɗaya daga sama har ƙasa. Ribah da Riba garuruwa biyu ne a wurin kwamfuta. Haka Wasagu da Wasugu, haka Bena da Bena wadda aka bar wa ɗan fili a ƙarshenta, wanda ido ba ya gani. Umarnin TRIM yana share irin wannan filin. Abin da ya fi shi ne a toshe ƙofar tun farko: a shiga Data, a zaɓi Data Validation, a ɗauki List, a rubuta sunayen kasuwannin sau ɗaya. Daga nan mai shigarwa zaɓa zai riƙa yi, ba bugawa ba.

Ta biyar: a sa ginshiƙin lambar layi, 1, 2, 3, a gefen hagu, kuma a adana kwafin fayil ɗin kafin a fara. Lambar nan ita ce hanyar komawa tsarin asali idan an jujjuya tebur an rasa inda aka faro.

Akwai kuma lambobin da ba na lissafi ba ne. Shirin bashin manoma na Anchor Borrowers, wanda aka ƙaddamar a Birnin Kebbi ranar 17 ga Nuwamba, 2015, ya bukaci manoma su shiga ƙungiya kuma kowa ya kawo asusun banki da BVN, kuma shirye-shiryen tallafi da yawa irin wannan jerin suke nema. Lambar waya tana da alƙaluma 11 kuma da sifiri take farawa. Lambar asusun banki tana da 10, wasu ma da sifiri suke farawa. Excel yana cire sifirin farko idan ya ɗauki abin a matsayin lamba, sai a wayi gari da lambar waya mai alƙaluma 10 da asusun da banki zai ce bai san shi ba. Maganin shi ne a mayar da ginshiƙin Text kafin a fara shigarwa, ba bayan an gama ba.

Teburin gwaji

Ga ɗan tebur na sayen hatsi a farkon Nuwamba. Alƙaluman na misali ne don koyo, ba farashin kasuwa ba ne.

| Lamba | Kwanan wata | Kasuwa | Hatsi | Buhu | Farashin buhu | Jimilla |
|---|---|---|---|---|---|---|
| 1 | 03/11 | Bena | Masara | 40 | 30,000 | 1,200,000 |
| 2 | 03/11 | Bena | Dawa | 25 | 32,000 | 800,000 |
| 3 | 05/11 | Ribah | Masara | 10 | 36,000 | 360,000 |
| 4 | 05/11 | Ribah | Wake | 12 | 70,000 | 840,000 |
| 5 | 08/11 | Wasagu | Dawa | 30 | 31,000 | 930,000 |
| 6 | 08/11 | Wasagu | Masara | 50 | 29,000 | 1,450,000 |
| 7 | 10/11 | Bena | Wake | 8 | 72,000 | 576,000 |
| 8 | 12/11 | Waje | Dawa | 15 | 33,000 | 495,000 |

Layi 8 ne, buhu 190, kuɗi naira 6,651,000. A rubuta alƙaluman nan uku a takarda a ajiye gefe. Duk juyin da za a yi wa teburin, dole su fito yadda suke.

Yadda ake jerantawa

A danna gurbi ɗaya kacal a cikin ginshiƙin da ake so, misali Jimilla, a shiga Data, a danna maɓallin da ke jerantawa daga babba zuwa ƙarami. Layi na 6, masarar Wasagu ta naira 1,450,000, zai hau sama, na 3 ya sauka ƙasa, kuma kowane layi zai tafi da duk bayanansa.

A nan ne masu koyo suka fi faɗawa rami. Idan aka haskaka ginshiƙin Jimilla shi kaɗai aka jeranta, Excel zai tsaya ya yi tambaya: a faɗaɗa zaɓin, ko a ci gaba da abin da aka zaɓa? Wanda ya ɗauki na biyu ya yi ɓarna: kuɗaɗen za su sauya wuri, sunayen kasuwa da na hatsi su tsaya inda suke. Masarar Bena ta ɗauki kuɗin masarar Wasagu, dawar Waje ta ɗauki na masarar Ribah. Abin tsoron shi ne babbar jimilla ba za ta motsa ba, tana nan 6,651,000, don haka ba mai lura sai ranar biyan dillalai. Amsar kullum ita ce Expand the selection. Idan hannu ya riga ya kuskure, a danna Ctrl da Z nan take, kafin a adana. A Google Sheets ma a kula da bambancin Sort sheet, mai jeranta shafi duka, da Sort range, mai taɓa abin da aka haskaka kawai.

Sau da yawa mataki ɗaya ba ya isa. Mai sito yana son ganin hatsi iri-iri a haɗe, a cikin kowane iri kuma mafi araha a sama. Sai a danna babban maɓallin Sort, a tabbatar an sa alama a akwatin da ke nuna tebur yana da kanu, a zaɓi Hatsi a matakin farko, a danna Add Level, a zaɓi Farashin buhu daga ƙarami zuwa babba. Dawa za ta fito a jere: Wasagu 31,000, Bena 32,000, Waje 33,000. Masara ta biyo: Wasagu 29,000, Bena 30,000, Ribah 36,000. Sai wake. Tun daga Excel 2007 ana iya yin matakai har 64, kafin nan uku ne kawai, amma rahoton kasuwanci da wuya ya wuce uku. Matakin da ke sama shi ne shugaba, na ƙasa a cikinsa yake aiki.

Idan lambobi suka fito a jere kamar 1, 10, 100, 2, 25, to an shigar da su a matsayin rubutu, manhaja tana bin su harafi-harafi. Alamarsu ita ce sukan jingina hagun gurbi, alhali lamba ta gaskiya dama take jingina, kuma sau da yawa akwai ɗan koren tabo a kusurwa.

Kwanan wata da haruffan Hausa

Kwanan wata ya fi komai yaudara. A Nijeriya rana ake fara rubutawa sannan wata, a Amurka wata ake farawa da shi, kuma kwamfutoci da yawa da tsarin Amurka suke zuwa. A irin wannan kwamfutar, 03/11 zai zama 11 ga Maris, 05/11 ya zama 11 ga Mayu, 08/11 ya koma Agusta, 10/11 Oktoba, 12/11 Disamba. Sayayyar kwana goma ta Nuwamba ta bazu cikin watanni biyar. Ranar da ta wuce 12 kuwa, kamar 25/11/2024, ba za ta karantu a matsayin kwanan wata ba sam, rubutu za ta zama. A gyara yankin kwamfutar ya koma Nijeriya ko Birtaniya kafin a fara, sannan a gwada da rana ɗaya, a sa manhajar ta nuna sunan watan a gani da ido.

Sunayen watanni da Hausa suna da tasu matsalar. Idan aka jeranta su bisa harafi, Afrilu ne zai zo farko, sai Agusta, Disamba, Fabrairu, Janairu, har zuwa Yuli da Yuni a ƙarshe. Ranakun mako kuma su fara da Alhamis da Asabar su ƙare da Talata. Excel ya san jerin watannin Turanci, bai san na Hausa ba sai an koya masa. Ana shiga File, Options, Advanced, a nemo Edit Custom Lists, a rubuta Janairu zuwa Disamba a jere, a adana. Daga nan, wajen jerantawa, sai a zaɓi wannan jerin. Haka za a yi wa Lahadi zuwa Asabar, ko watannin Musulunci daga Muharram zuwa Zulhajji. Hanya mafi sauƙi a waya ita ce a ƙara ginshiƙin lambar wata, 1 zuwa 12, a jeranta da shi.

Sai haruffa masu ƙugiya. Ɗanjuma da Danjuma mutum biyu ne wajen kasawa, haka Sa’idu da Saidu, ko da jerantawa ta ajiye su kusa da juna. Sunan da ya fara da alamar ɗauri ta sama, irin su ’Yar Kasuwa, yana da wani abin daban: Excel yana ɗaukar miƙaƙƙiyar alamar da ke kan madannai, idan ta zo a farkon gurbi, a matsayin umarnin “wannan rubutu ne”, sai ya ɓoye ta. Mai son ta fito sai ya buga ta sau biyu. Saboda irin waɗannan, ƙungiyar da ke da mambobi da yawa gara ta ba kowane mamba ko dillali lamba, a riƙa kasawa da lambar. A gari ɗaya ana iya samun masu suna ɗaya har da sunan uba, amma lamba ba ta karo da wata.

Kasawa ta hanyar ƙananan jimilloli

Hanya ta farko ita ce Subtotal, a ƙarƙashin Data. Dokarta guda: a jeranta tukuna. Umarnin ba ya neman masara a duk faɗin tebur, sauka kawai yake yi layi-layi, duk inda suna ya canza ya ja layi ya tara. A teburin gwaji, idan ba a jeranta ba, ginshiƙin Hatsi yana tafiya ne masara, dawa, masara, wake, dawa, masara, wake, dawa. Sakamakon zai zama ƙananan jimilloli takwas maimakon uku.

Bayan an jeranta da Hatsi, a danna Subtotal, a zaɓi Hatsi a matsayin inda za a riƙa yankewa, a zaɓi Sum, a sa alama a Buhu da Jimilla. Ga abin da zai fito: dawa buhu 70, naira 2,225,000, masara buhu 100, naira 3,010,000, wake buhu 20, naira 1,416,000. A gefen hagu lambobi 1, 2, 3 za su bayyana. Ta 1 tana nuna babbar jimilla kaɗai, ta 2 tana nuna jimillar kowane rukuni, ta 3 tana buɗe komai. Ta 2 ita ake bugawa a kai wa maigida.

Abu biyu a kiyaye. Idan aka zo ƙasan wannan teburin aka sake tara ginshiƙin da SUM, za a haɗa layuka da jimillolinsu, kuɗi ya ninku. Sannan idan an riga an mayar da bayanan tsararren tebur da Ctrl da T, maɓallin Subtotal ba zai yi aiki ba sai an mayar da su fili na yau da kullum. Haka kuma, bayan tacewa, SUM yana ci gaba da tara har layukan da aka ɓoye. Mai son jimillar abin da ido ke gani kawai ya yi amfani da lissafin SUBTOTAL mai lamba 9.

Kasawa da teburin taƙaitawa

Hanya ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ba ta bukatar a jeranta komai. Ita ce teburin taƙaitawa, wanda manhajar ta rubuta wa PivotTable. Dabarar ta fara fitowa a Lotus Improv a 1991, Excel ya ɗauke ta daga fitowarsa ta biyar. Amfaninta shi ne ba ta taɓa bayanan asali, a sabon shafi take gina rahoto.

A danna cikin tebur, a shiga Insert, a zaɓi PivotTable, a amince da sabon shafi. Akwatuna huɗu za su bayyana a dama: na layuka, na ginshiƙai, na alƙaluma, da na tacewa. A ja Kasuwa zuwa akwatin layuka, a ja Buhu da Jimilla zuwa na alƙaluma. Nan take: Bena buhu 73, naira 2,576,000, Ribah buhu 22, naira 1,200,000, Waje buhu 15, naira 495,000, Wasagu buhu 80, naira 2,380,000.

Ga abin da littafi ya ɓoye. Wasagu ta fi ba da buhuna, amma Bena ta fi cin kuɗi. Dalilin zai fito idan aka ja Hatsi aka sa ƙarƙashin Kasuwa: a Bena an sayi wake buhu 8, wanda shi kaɗai ya ci naira 576,000. Idan kuma aka kai Hatsi akwatin ginshiƙai, sai a sami kasuwanni a tsaye, hatsi a kwance, kowane gurbi da adadinsa. Don a jeranta rukunan daga mafi kuɗi, a danna dama a kan ɗaya daga alƙaluman a zaɓi Sort. Kwanan wata ma ana iya dunƙule shi wata-wata da umarnin Group, a ga yadda farashi ke hawa daga kaka zuwa bazara. Idan umarnin ya ƙi, mafi yawa akwai gurbin da ke ɗauke da rubutu maimakon kwanan wata.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa a nan. Idan akwai rubutu ko da a gurbi ɗaya na ginshiƙin Buhu, manhajar takan ƙirga layuka maimakon ta tara, sai a ga Bena da 3 a madadin 73. A duba kan ginshiƙin: Sum ake so, ba Count ba. Na biyu, teburin taƙaitawa na Excel ba ya bin sabon ciniki da kansa sai an danna Refresh, kuma idan an ƙara layuka a ƙasa ba lallai ya gan su ba, sai in an mayar da bayanan tsararren tebur tun farko. Na Google Sheets yana sabunta kansa, muddin sabbin layukan suna cikin iyakar da aka ba shi.

Nawa buhu ya tsaya?

Tambaya ta uku ta maigida ita ce mai haɗari. An sayi masara a 30,000, da 36,000, da 29,000. Idan aka ce wa manhaja ta fitar da matsakaicin waɗannan farashin uku, za ta ba da 31,667. Lissafinta daidai ne, amma ba amsar tambayar ba ce, domin ta daidaita buhu 10 na Ribah da buhu 50 na Wasagu.

Hanyar gaskiya ita ce a raba kuɗin da aka kashe da yawan buhunan da aka samu: 3,010,000 a raba 100, ya ba da 30,100. Tazarar ta kai naira 1,567 a kowane buhu, kimanin 156,700 a buhu ɗari. Mai siton da ya riƙe adadin farko zai iya ƙin tayin 31,500 yana ganin faɗuwa ce, alhali ya ɗara abin da ya saya da 1,400. Idan ana son ainihin abin da buhu ya tsaya, sai a ƙara ginshiƙan kuɗin mota, dako, la’ada da kuɗin buhu, a tara su da kuɗin saye kafin a raba.

Manyan manhajojin rahoto

Wanda ya ƙware a nan ba zai yi baƙunta a sauran ba. A Power BI, danna kan ginshiƙi yana jeranta tebur, ana kasawa da tsarin da ake kira Matrix, matsalar watanni kuma ana warware ta da Sort by column, wato a ce wa sunan wata ya bi lambar wata. A Crystal Reports na kamfanin SAP, kowane rukuni yana da kai da gindi: suna a kai, jimilla a gindi, kuma akwai jeranta layukan cikin rukuni daban, jeranta rukunan kansu daban. Ma’aikatan lafiya ma sun san wannan tsari ta DHIS2, manhajar da Jami’ar Oslo ke jagorantar ginawa, wadda Nijeriya ke tattara alƙaluman asibitoci da ita: daga asibiti zuwa mazaɓa, zuwa ƙaramar hukuma, zuwa jiha. Rukuni ne cikin rukuni, kamar Hatsi a ƙarƙashin Kasuwa.

Kafin a sa hannu

Manya ma suna tuntuɓe a wannan wurin. A 2013 wani ɗalibin Jami’ar Massachusetts Amherst, Thomas Herndon, ya gano cewa a fitaccen binciken da Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff na Harvard suka fitar a 2010 kan bashin ƙasashe, lissafin matsakaici a Excel ya tsallake ƙasashe biyar saboda zaɓin bai kai ƙarshen layukan ba. A Ingila kuma, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba, 2020, mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna da korona ba su shiga rahoton hukuma a kan lokaci ba, domin an yi amfani da tsohon nau’in fayil na Excel wanda ba ya wuce layi 65,536. Sabon nau’in yana ɗaukar 1,048,576. A duka biyun, rahoto ya fito tsaf, ba wata alamar kuskure a fuskarsa.

Don haka akawu ya ɗauko takardar nan da ya ajiye gefe. Yawan layuka ya yi daidai? Jimillar rukunoni ta koma buhu 190 da naira 6,651,000? Akwai rukunin da ya fito sau biyu da rubutu daban, ko wani marar suna? An cire duk wata tacewa da aka manta? Sannan ya ɗauki layi biyu ko uku ya gwada su da rasit ko littafin asali, ya kuma je sito a ƙirga buhunan iri ɗaya a gani. A saman rahoton a rubuta lokacin da ya ƙunsa, ma’aunin da aka yi amfani da shi, da abin da aka jeranta da shi.

Rahoton da za a tura ta WhatsApp a mayar da shi PDF, kuma taƙaitawar kaɗai za a tura. Shafin da ke ɗauke da BVN, NIN da lambobin wayar mambobi ya tsaya wurin sakatare da ma’aji, domin Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai tattara irin waɗannan bayanai alhakin tsare su.

Ga masu sito, shagunan taki da ƙungiyoyin manoma na Wasagu da kewaye, ba sai an jira sabuwar kwamfuta ko tsadadden kwas ba. A ɗauki cinikin mako ɗaya kawai, a shigar da shi bisa ƙa’idoji biyar ɗin nan, a jeranta, a kasa, a gwada da littafi. Idan alƙaluman sun haɗu, a ƙara na wata guda, kuma a fara tun kafin buhunan kaka mai zuwa su soma shigowa.